Muryar Cikin Kabad

A Balparaiso, can saman tudu,
inda gidaje ke hawa kan juna kamar awaki,
Griselda Huenchul kan jira ƙarfe biyun dare.
Sai motar ƙarshe ta gangara,
karnukan maƙwabta sun gaji da haushi,
sannan ta shige kabad ɗin tufafi, ta ja ƙofa.
Riguna ke shanye amon ɗaki.
Tsohon kwat ɗin mahaifinta na shafar kunnenta.

Ta kunna makirufo, jar fitila ta buɗe ido.

"Yau ba janar," in ji ta,
"ba mai doki na tagulla a dandali.
Yau Eufemia ce, mai wanki.
Layi ɗaya gare ta a littafin kuɗin tashar jiragen ruwa:
an biya ta kwabo uku, wankin tuta.
Iyakarta ke nan. Ko sunan uba babu.
Tutar na gidan tarihi cikin gilashi,
ana hana yara taɓawa.
Hannun da ya cuɗe ta fa?
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Makon jiya labarin alfadari ta bayar,
wanda aka gurfanar gaban alƙali
don ya cinye wasiƙun gwamna.
Shaidu bakwai na rantsuwa, shi ko yana tauna.
An yi dariya har Antofagasta.
Na mai wanki ba abin dariya a ciki.

Wata huɗu ta yi tana bin sawunta:
rajistar coci da gara ta yi wa rariya,
takardun asibiti da ruwa ya lashe tawadarsu,
ma'ajin da kullum ke cewa a dawo gobe.

Masu saurare ɗari biyu da sha ɗaya.
Akwai direban tirela da ke ratsa hamada,
akwai nas mai aikin dare,
akwai wanda barci kawai yake nema.

Ran Laraba saƙon murya ya shigo,
tsoho ne, numfashinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa:
"Sunana Nibaldo. Kakar kakata ta yi wanki a tashar nan.
Eufrasia muke kiranta.
Ƙila magatakarda bai ji da kyau ba,
ƙila kuma wata ce daban, ni ban sani ba.
An ce ɗan yatsanta ɗaya a lanƙwashe yake,
an ce tana fito idan tana shanya."

Sau uku Griselda ta saurara.
Shayinta ya huce a kan taga.

Ba hujja, ba hatimi, ba takarda,
sai yatsa ɗaya da ɗan fito
da suka tsallako kabari huɗu.

Da biyun dare ta sake jan ƙofar kabad.
"Akwai gyara," ta ce, ta yi shiru.
Makirufo ya ɗauki shirun ma,
ba ta yanke shi ba.