Taku Goma Sha Bakwai

Daga gadona zuwa gindin dalbejiya
taku goma sha bakwai ne.
Shekara talatin ina gidan nan a Garwa,
ban taɓa ƙirgawa ba sai bana.

Likita ya cire kwatangwalon da na zo duniya da shi,
ya dasa na ƙarfe, ya ɗinke.
Ya ce, "Wata uku, Mama."
Ga na huɗu ya tsaya.

Ni da nake sauka bakin Binuwai kafin assalatu,
in hauro da daron giwan ruwa a ka,
yau wanka kaɗai
sai ya cinye mini hantsi.
Wannan gajiya jiƙaƙƙen bargo ce,
da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Salla a kan kujera.
Goshina yana kewar ƙasa.

Tasalla, jikata, ta ja layi da gawayi
inda na tsaya jiya.
Yau sandata ta ƙetare shi da taƙi guda,
ta ruga gaya wa masu kifi.

Na dafa bango ina haki,
inuwar tana can, saura taku shida.
Komawa ɗaki ma tafiya ce.