Ƙafata Tana Neman Birki

Nomau, bar hura wutar nan haka,
shayi na biyu bai isa sauka ba.
Kun ce in ba ku labari, to ku matso.

Shekara talatin da ɗaya ina bisa sitiyari,
Maraɗi zuwa Damagaram, Damagaram zuwa Maraɗi.
Na san ramukan Tasawa kamar haƙoran bakina,
wanda ya fita da wanda ke girgiɗa.
Sai Harisu ya aiko mini da takardar tafiya:
Baba, taho Maroko ka huta wata guda,
ko bayanka ya miƙe.

Ran wata Talata ya ce za mu Fas daga Rabat.
Na ce motar wa? Ya yi dariya.
Ni dogo na san shi a Kano,
na sha tsallaka shi da taya,
ban taɓa ba shi amanar jikina ba.

Tasha ce, amma babu ɗan kamasho.
Ba mai ihun saura mutum ɗaya,
ba akuya ɗaure a saman kaya.
Agogo ya cika, ƙofa ta rufe kanta,
muka tashi.
Na ƙirga kujeru goma sha ɗaya babu kowa,
cikina ya yi lissafin asarar mai shi.

Ina direban? Harisu ya ce yana can gaba.
Wato in ba da raina ga mutumin
da ban ga idonsa ba,
ban san ko ya yi barci jiya ba.

Can sai ga tumaki daf da hanya.
Tsahiru, kar ka yi dariya,
ƙafar damata ta daki ƙasa da ƙarfi
tana neman birki a ƙarƙashin kujera.
Wata tsohuwa da ke fuskantata ta gani,
ta rufe baki da gefen mayafi,
ta ɓare lemo ta miƙo mini rabi.
Ba ta jin Hausa, ba na jin nata,
bismilla dai ta ishe mu.

Kofin shayi na ajiye a bakin taga,
har Miknas ko ɗigo bai zube ba.

Amma ga abin da ban faɗa wa Harisu ba.
Kujerata baya take kallo.
Duk abin da na gani, ya riga ya wuce:
itatuwan zaitun suna ja da baya,
wani yaro bisa jaki yana ƙanƙancewa,
farin gida, shanyar tufafi, mace a ƙofa.
Ni da na ƙare ƙuruciya ina duban gaba,
baya kuwa sai ta ɗan madubi kamar tafin hannu.

A nan Kuluwa ta faɗo mini.
Kullum asuba takan rako ni bakin zaure a Bagalam
da goran fura naɗe a tsumma,
ni kuwa hankalina na kan mai da fasinja.
Ban san tsawon tsayuwarta a wurin ba.
Sau nawa na waiwaya?
Bana shekararta huɗu a ƙasa.
Sai da na je ƙasar wasu, aka zaunar da ni a juye,
sannan na ga ƙofar gidana.

Tsohuwar ta miƙo sauran lemon.
Na ce hayaƙi ne ya shiga idona.
Jirgin ko hayaƙi ba ya yi.

Ga tikitin nan, cikin tsohon farmina yake kwana.
Taɓa shi a hankali, hannunka da maiƙo.
Jiya da na hau kabu-kabu zuwa kasuwa
sai da yaron ya ce, Baba, zauna daidai,
me kake ta kallo a baya?

Zuba shayin, Nomau. Ya yi.