Akwatin Mushe Kyari

Sai bayan sadakar arba'in aka ba ni makullin.
Akwatin kwano ne, irin na Kasuwar Dole.
Ciki takardu, layi biyar-biyar,
baƙaƙen ɗigo sun sassauka a kansu
kamar kiyashi sun sami sukari.

Ɗan majemi ne, haifaffen Birni.
Ya ce kiɗan da ya fara ji ba na ganga ba ne,
jiƙaƙƙiyar fata ce ana maka ta da dutse,
da ɗan shirun nan tsakanin duka da duka
inda ubansa ke jan numfashi.

Gwamnati ta tura shi ƙetare koyon awon ƙasa.
Ya dawo ko kangon gidansu bai auna ba.
Ya dawo da tari, da kwat ɗaya,
da wata magana:
wai sauti goma sha biyu ne,
ba sarki a cikinsu, ba bara,
kuma kada ɗaya ya sake buɗe baki
sai sha ɗayan sun faɗi tasu.

Tsoho Na-Ladi, mai goge a Zango, ya ji, ya ce,
"To wa zai rako waƙar gida?"
Kyari ya ce, "Ba gida za ta ba."

Akwai fiyano a tsohon ɗakin lakwal,
haƙoransa uku sun mutu.
Bai nemi mai gyara ba.
Ya rubuta wa matattun nasu rabo,
in ya zo kansu sai ya danna,
ka ji ƙwas, katako kawai,
shi kuwa ya lumshe ido.

Shekarar da famfunan gari suka ƙafe
asuba ta fari yake fita,
ba bokiti, sai fensir a bayan kunne.
Ya tsaya gefen layi yana sauraron jarkoki,
yadda wofi ke gaida wofi.
Mata suka sa masa suna Mai Awon Iska.

Daren da aka buga ta ina nan,
ni ke juya masa shafi, ina da sha huɗu.
Jarka bakwai, goge ɗaya, algaita da aka hana ta kirari,
da fiyanon nan mai giɓi.
An kawo kujera ɗari biyu.
Aka fara dariya tun ba a yi nisa ba,
wani ya ce a bari su gama ɗaura tsirkiya tukuna.
Kujeru suka riƙa kukan tashi.
Ya raɗa mini, hannunsa bai tsaya ba:
"Ji wannan. Da na sani da na rubuta shi."

Mutum tara suka kai ƙarshe.
Ɗaya barci ya yi.
Ɗaya kuwa Gwamma ce mai tallan ruwa,
ta zo har gabansa, ta ce,
"Haka cikina yake yi in na dawo ba ɗigo."
Ba ta ce ya yi daɗi ba.
Shekara talatin yana maimaita maganar nan,
bai taɓa ƙara mata gishiri ba.

Sauran rayuwar gajeriya ce a faɗa.
Ya koyar da lissafi.
Ya binne mata, ya aurar da 'ya'ya biyu.
Da dare, in zafin duwatsu ya sauka,
ya ja layi biyar da bakin kwalin shayi.
Wasiƙa ɗaya ta taɓa zuwa daga ƙetare,
ya sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur.

Yanzu ga ni da akwatin.
Gara ta riga ni karatu,
ta ci tsakiyar aikinsa na ƙarshe,
ta bar huji-huji, rana na leƙowa ta ciki.
Na ɗauki alƙalami zan cike,
don na san hannunsa kamar nawa.

Sai na ajiye.
Na kira jikan Na-Ladi da gogensa,
na ce, inda ka ga rami, ɗaga hannu,
ƙirga yadda majemi ke jan numfashi,
sannan ka ci gaba.