Gefe Guda na Faifai

Ƙarfe takwas ake ɗauke wutar Umlazi,
a rubuce yake, jadawalin na manne a ƙofar firji.
Ran Talata suka riga agogo da kwata guda,
faifan Baba na tsakiyar juyi.
Muryar matar ta ja, ta yi kauri, ta koma ta namiji,
ta nutse kamar guga da igiyarsa.
Da wutar ta dawo, da fushi ta dawo,
ta lashe amfilifaya, ta bar mana ƙauri a falo.
Gyaransa ya ci albashin mako.

Baba bai ce uffan ba.
Ya hure ƙurar allura,
ya mai da faifan cikin kwalinsa,
kwalin da aka rubuta Nomathemba a kusurwarsa da jan biro.
Hannun mahaifiyata ne. Bana shekara tara.

Asabar na hau motar haya zuwa Titin Umgeni.
Shagon Moonsamy, ƙunci kamar aljihun yaro,
baƙaƙen akwatuna tun daga ƙasa har rufi,
kowanne da batir a ciki, nauyi kamar bashi.

Ya ce, me za ka ɗora masa?
Na ce talabijin, da dikoda,
da na'urar wasan Lwazi,
da sifiku biyu, da abin juya faifai,
in da hali har da fanka.
Ya zaro fensir daga bayan kunne,
ya tara wat bisa wat a bayan tsohon rasit,
ya ja layi, ya dube ni ta saman tabarau.
Ya ce, kasuwa guda kake son labta wa jaki ɗaya.
Minti shida zai ɗauke ku, sannan ya durƙusa.
Wannan ba janareta ba ne, ɗana,
ba ya hana dare zuwa.
Lokacin yin sallama kawai yake saya maka.

Ya dafa wani ƙarami: wannan da araha,
sai dai wutarsa gargada ce.
Talabijin zai haɗiye ta haka nan,
sifika kuwa za ta kwana tana gunaguni
kamar ƙudan zuma a cikin tulu.
Ya dafa na kusa da shi: wannan wutarsa sumul,
kuɗinsa ne ke da ƙaya.
Na tuna tayoyin motata, duk huɗun sun yi sanƙo.
Na ƙirga rand ɗin sau biyu, ko za su haihu.
Ba su haihu ba. Na biya.

A gida muka kewaye shi kamar baƙon da bai iya yarenmu ba.
Kafa huɗu ce a bayansa, mu kuwa da wayoyi bakwai.
Lwazi ya riƙe tasa gam, ya kusa cin wasan, in ji shi,
kullum ya kusa.
Khethiwe na da shirinta na takwas da rabi,
yau ne za a gane wanda ya ƙona gonar rake.
Baba na kujerarsa yana duban bango,
wai shi ba ruwansa.

Khethiwe ce ta sunkuya,
ta zare wayar talabijin da hannunta.
Ta ce ai suna maimaitawa ran Lahadi.
Lwazi ya kumbura baki, ya naɗe tasa a gwiwar hannu.

Takwas ta buga.
Layinmu ya mutu gida bayan gida,
karnukan Shezi suka ɗauka,
akwatin ya ce ƙyas, ya yi ɗan tsuwa sau ɗaya.
Faifan bai ko yi tuntuɓe ba.

Muna zaune, ba mai ganin fuskar wani,
sai ɗigon koren haske ƙarƙashin tebur
da muryar nan, mace tun farko har ƙarshe.
Minti ashirin da biyu gefe guda yake.
Batir na da saura, har ya isa a juya.
Baba ya tashi, ya lalubi hanya da gefen kujera,
ya ɗaga allurar da kansa,
ya rufe murfi a hankali.

Ya ce, Bhekani, ina kuka ajiye kyandir?