Ƙas-Ƙas a Uyuni

Fermín Colque ya shigo da hantsi,
gishirin fili ya yi wa motarsa farin gemu.
Ya ce, "Don Evaristo, magana take,
ni kuwa ban iya yarenta ba.
Ƙas, ƙas, ƙas, daga gaba,
kamar mai ɓarar gyaɗa a cikin duhu.
A miƙe bakinta gum.
Sai na karya kwana take tsegumi."

Baba ya gyaɗa kai kamar ya ji.
Bai ji ba.
Shekara uku ke nan da kunnensa ya rufe shago.
Ni ce kunnen, ni Nélida,
ina bayan mai mota ina fassara da yatsu.

Muka fara da masu arha.
Notin taya a ɗaure tam.
Na zaƙulo tsakuwa biyu daga zanen taya, ƙarar na nan.
Boris gurnani yake yi, bai iya ƙirga ba.
Birki ya rantse ya maya.
Fermín na ta lissafi a tafin hannu:
baƙi shida ranar Asabar,
kuɗin makarantar 'yarsa a Potosí.

Baba ya ce in ja.
Na murɗe sitiyari har ya ƙure,
na yi ta zagaye a bayan tashar jirgin ƙasa
kamar kare mai bin wutsiyarsa.
Shi yana gefena,
ya kafa doguwar sukundireba a daɓen mota,
ya ciji ƙotar, ya rufe ido.
Dama, shiru.
Hagu, ƙas, ƙas, ƙas.
Na sa ribas, ta ɗaga murya.
Ya tofar da ɗanɗanon mai, ya ce, "Ƙafar dama. Ta waje."

Da jak ya ɗaga ta, sai ga shi:
robar shaf ta tsage, tsagar ba ta kai farce ba,
giris ya tsere ya yi wa rim baƙin zane,
gishiri ya shiga ya gaje gurbinsa
yana gaigayar ƙarfe tun ruwan Janairu.

"Yaushe?"
"Kaya sai daga Oruro. Alhamis."
Fermín ya sauke numfashi, ya rufe tafin hannunsa.

Da ya fita na tambayi Baba da yatsu:
yaya aka yi ka ji?
Ya wanke hannu da fetur, bai yi sauri ba.
Ya ce, "Ban ji ba.
Turmin nan na hagu ne, mai ciwon,
shi ya faɗa mini.
Ja ƙofa, iska ta taso."