Kwandasta

Gadon da Yaya Bawale ya bar mini ke nan:
buta guda, da tsohon madubin mota,
sai aku mai ruwan toka da jar wutsiya
da ya sayo a Kurmi shekarar da ya fara jan tirela.
Kwandasta yake kiransa.

Ran sadakar uku ya ciji liman a kafaɗa.
Ran bakwai ya kama kunnen Lantana
da ta zo share yanar gizo a bango.
Ni kuwa, ga hannuna, ƙirga da kanka:
biyu a babban yatsa, huɗu a manuni,
sai ka ce na yi kokawa da awartaki.

Maƙwabta suka ce, kai shi Gujungu ran Lahadi,
ka karɓi kuɗin buhun taki ka huta.
Na ɗaura keji a keke, har na wuce gonar Tambaya,
sai na ji a bayana, da muryar Yaya sak, har da tarin:
"Ja baya. Ja baya. Ya isa, tsaya."
Na tsaya.
Na juyo gida da shi, ƙafata na ɓari a kan feda.

Daga nan na shiga makarantar tsuntsu.
Na koyi karatun ido:
in baƙin ya tsuke kamar ƙwayar gero,
ya buɗe, ya sake tsukewa, to janye hannunka.
In gashin wuya ya tashi, ya duƙar da kai yana leƙenka ta ƙasa,
ba susa yake roƙo ba, tarko ne.
Na gane ihuna kalangu ne a wurinsa:
in ya ciza na ce wayyo, sai ya taka rawa a kan sanda,
ya maimaita wayyon, ya bi da dariya.
Sai na koyi haɗiye zafi,
in juya masa ƙeya, in ci gaba da tufkar igiyata.

Na sauko da kejin daga ƙusar saman zaure,
inda yake kallon tsakar kan kowa kamar mai gari,
na ajiye shi daidai ƙirjina.
Na daina zura hannu cikin ɗakinsa.
Wa ke son a faɗo masa ba sallama?
Sai in miƙa reshen kalgo daga ƙofa,
in ce hau, in jira.
Kwana goma sha ɗaya yana tsattsage reshen.
A na sha biyu ya ɗora ƙafa guda, yana harara ta.
Ladansa gyaɗa, a buɗaɗɗen tafi, ba a tsinin yatsa ba.
Yara kuwa na ja musu layi da gawayi a daɓe:
wanda ya tsallaka, kada ya kawo mini kuka.

Lantana ce ta hango abin da ya wuce ni.
Ta ce, Baba Ƙarami, ba keji yake gadi ba,
hular babana ce da ke rataye a bango.
Nan liman ya jingina. Nan ni ma na kai tsintsiya.

Da dare na lulluɓe kejin da zane,
na cire hular, har yanzu da warin baƙin mai,
na sa ta a adaka.
Kwana uku bai ce uffan ba, gyaɗar ma sai ya yar.
Na zauna kusa, ba na kallonsa, ina tufka.

Asubar na huɗu, ina alwala a bakin zaure,
ya yi gyaran murya ya ce, "Saura mutum ɗaya."
Na ce, ga ni.

Har yau yakan ciza, in na yi masa gaggawa.
Jiya ma ya yi.
Amma a kafaɗata yake lokacin.