Shagon da Ke Cikin Teku

Shekara arba'in da ɗaya ina nan,
kan tudun Valparaíso,
matakala ɗari da sha biyu daga bakin ruwa,
ina ɓare cikin agogo kamar gyaɗa,
ina mayar wa mutane lokacinsu.

Da, matuƙan jirgi ke nuna wa juna ƙofata.
Yanzu sun tsufa, wasu sun riga mu,
'ya'yansu kuwa waya suke tambaya hanya.

Jikata Maite ta zo hutu, ta ce,
"Kaka Evaristo, bari in neme ka."
Na ce, ga ni zaune gabanki, yarinya.
Ta yi dariya, ta latsa, ta ja, ta sake ja,
sai a shafi na bakwai ta tsinto sunana,
inda ko ɓarawo ba ya leƙawa.
Taswira kuma ta dasa shagona tsakiyar teku,
tsakanin jiragen dakon kaya.
Ashe shekara shida kifi nake yi wa talla.

Ta ciro ni daga ruwa da ɗan yatsa ɗaya.
Ta rubuta adireshi, ta rubuta awannin buɗewa,
har da barcin da nake yi bayan abincin rana.
Ta ɗauki hoton ƙofar nan mai shuɗin fenti,
da hannuna, duk da na ce ya yi tamoji.

Na ce ta sa: Gwani, Magajin Gwanaye.
Ta ce babu mai neman wannan.
"Mutum ba ya rubuta kirarinka, Kaka,
ciwonsa yake rubutawa.
Agogona ya tsaya.
Ruwa ya shiga agogo.
Wa ke gyaran agogon bango kusa da ni?"
Na yi shiru. In kiɗa ya sauya,
tsoho ma sai ya gyara tsayuwa.

Ta roƙi Nibaldo mai gashin burodi ya ba da shaida.
Ya ba ni tauraro huɗu,
wai na cika surutu.
Kwana uku ban sayi burodinsa ba.

Mako ya wuce, babu kowa.
Wata ya wuce, na ce ai na faɗa.
Maite ta koma makaranta a Santiago.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
wata mata ta hawo matakalar tana haki,
waya a hannun dama, ƙunshin hankici a hagu.
Agogon mijinta ne,
ya tsaya ƙarfe huɗu saura kwata
tun watan da aka binne shi.
Na ce, wa ya aiko ki?
Ta juyo mini fuskar wayar:
ga ƙofata, ga hannuna mai tamoji,
na uku daga sama.

Na sa gilashi a ido, na buɗe.
Tsatsa ce kaɗan, da gishirin iska.
Da ya fara bugawa ta kai shi kunne,
ta daɗe ba ta tambayi kuɗin ba.